Tsukewar bawul ɗin zuciya a jikin dattawa

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum, masu saurare. Daga Gusau muke, ni da Likita Sani. Likita, yau kan bawul muke, amma ba na mota ba, na zuciya.

Likita Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai bawul a bakin babbar jijiyar da ke kwashe jini daga zuciya zuwa jiki, wadda ake kira awota. Marafa uku gare shi. Lafiyayye yana buɗewa murabba'in santimita 3 zuwa 4. Da shekaru, sinadarin kalsiyam yakan taru a kan marafan har su ƙage. Idan ƙofar ta koma ƙasa da murabba'in santimita 1, ko gudun jinin da ke kutsawa ya kai mita 4 a daƙiƙa, tsukewar ta yi tsanani.

Hajiya Rabi: To, yawanta fa?

Likita Sani: Wani nazari na 2013 da ya haɗa bincike, galibi daga Turai da Amurka ta Arewa, ya nuna cewa a cikin masu shekara 75 zuwa sama, kusan 12 cikin 100 suna da tsukewar, kuma wajen 3 cikin 100 tasu mai tsanani ce. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin dattawa talatin.

Hajiya Rabi: Wannan lissafin can ne. A nan sai mu ƙara da zazzaɓin gaɓoɓi da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro tun yarinta, wanda ke lalata bawul tun kafin furfura.

Likita Sani: Ƙwarai. Akwai kuma waɗanda aka haifa da marafa biyu, 1 zuwa 2 cikin 100 na mutane. Nasu kan tsuke da wuri, a shekara hamsin ko sittin.

Hajiya Rabi: Abin da ke damuna shi ne yadda take ɓuya. Baba ya daina zuwa gona, ya koma sallah a gida, sai 'ya'ya su ce tsufa ne. Kada a tambaye shi ko yana haki, zai ce a'a, domin ya riga ya rage tafiya. A tambaye shi me yake yi bara wanda bana ya gagara.

Likita Sani: Alamun uku ne: ciwon ƙirji, jiri ko suma lokacin aiki, sai haki. Da zarar sun bayyana ba a sauya bawul ba, wajen rabin masu ciwon ba sa wuce shekara biyu zuwa uku.

Hajiya Rabi: Allah Ya kiyaye. Matakin farko?

Likita Sani: A saurari ƙirji. Akwai wata ƙara mai kaushi a dama da ƙashin ƙirji, ta sama, tana hawa wuya. Daga nan a nemi a tura shi hoton zuciya na eko, ko da sai an je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Babu ƙwayar da ke buɗe bawul. Sauyawa ake yi, ko a buɗe ƙirji, ko a zura sabo ta jijiyar matsematsi, aikin da aka fara a Faransa a 2002.

Hajiya Rabi: Kuma don Allah a bar saya wa Baba maganin ƙirji a kemis. Wanda ake sawa ƙarƙashin harshe yana iya faɗar da jininsa nan take har ya suma.