Faɗa ne ke tara 'yan kallo, amma wa ke cin ƙuri'a?

A watan Janairun 2007, tashar Channel 4 ta Birtaniya ta tara fitattun mutane a gida ɗaya, ta rufe ƙofa, ta kunna musu kyamarori dare da rana. Sunan shirin Celebrity Big Brother. Cikin waɗanda aka tara har da Shilpa Shetty, jarumar da duk mai kallon fim ɗin Indiya ya san fuskarta. Ba a jima ba wasu mata uku, Jade Goody ce kan gaba, suka tasa ta da tsangwama: yau a kushe girkinta, gobe a kwaikwayi maganarta, jibi a taɓa asalinta. Rigimar da ta fi zafi ma, a kan dunƙulen magi ta tashi.

Abin bai tsaya a cikin gidan ba. Hukumar Ofcom, mai sa ido a kan kafafen watsa labarai a Birtaniya, ta karɓi ƙorafi sama da 44,000. Kamfanin Carphone Warehouse da ke ɗaukar nauyin shirin ya janye. Gordon Brown, ministan kuɗi a lokacin, yana ziyarar aiki a Indiya, sai ga 'yan jarida sun tsare shi da tambaya a kan wani shirin talabijin. Kuma ana cikin wannan hayaniya yawan masu kallo ya tashi.

To, ashe faɗa na sayarwa ke nan? Yana sayarwa, babu musu. Amma ku dubi yadda ƙuri'a ta kaya. Masu kallo sun kori Jade da kashi 82 cikin 100, Shilpa kuma ta lashe gasar da kashi 63.

Bari mu fara da inda rigimar ke fitowa, don ruwa ba ya tsami banza. John de Mol ne ya ƙirƙiro Big Brother a ƙasar Holan a 1999, kuma tsarinsa kaɗai ya isa ya haɗa mutane faɗa. Babu waya, babu labarin duniya, babu inda mutum zai keɓe ya huce. Abinci a ƙayyade yake, wani lokaci sai an ci wata gasa kafin a samu wadatacce. Duk mako ana kiran kowa ɗaki shi kaɗai ya faɗi sunan wanda yake so a kora, alhali da shi zai ci abincin dare. Tun wurin tantancewa ma, masu shirin ba masu haƙuri zalla suke nema ba. Ana ɗauko mai zafin kai, a haɗa shi da mai baƙar magana, a ƙara da wanda ba ya barin ta kwana, sannan a koma gefe a jira.

Sai aikin masu tace hoto. Awa 24 ake ɗauka, amma abin da akasarin mutane ke gani bai wuce taƙaitaccen shiri ba, ko guntun bidiyo na daƙiƙa 30 da ke yawo a waya. Wanda ya wuni yana wanke-wanke da hira cikin mutunci, ba mai tura bidiyonsa. Wanda ya ɗaga murya sau ɗaya, shi za a kwana ana zancensa. Shi ya sa mai kallo daga nesa yake ɗauka gidan kullum a hargitse yake.

Big Brother Naija ma haka zancen yake. A 2019 an kori Tacha bayan rikicinta da Mercy Eke ya kai ga taɓa jiki, Mercy kuma ta zama mace ta farko da ta ci gasar. A 2020, bayan casun wata ranar Asabar, Erica ta zazzage wa Laycon zagi, washegari aka sallame ta. Laycon, wanda ya shiga gidan ba a ɗauke shi bakin komai ba, ya fito da kashi 60 na ƙuri'un ƙarshe da kyautar da ta kai naira miliyan 85. Masu shirin sun ce an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 900 a wannan zango. Sai dai kada a jingina duk wannan ga rigima: shekarar korona ce, mutane na zaune a gida, ba wurin zuwa.

A ganina, amfanin faɗa ga irin waɗannan shirye-shirye shi ne yana raba gari biyu. Kafin a yi shi, mutum ashirin ne a gida, ba ka damu da kowa ba. Da zarar an ci zarafin wani a gabanka, ka samu naka. Za ka dawo gobe ka ga ko ya rama, za ka yi musu a kansa da abokai, za ka kashe kuɗin data ka zaɓe shi. Kamar dambe ya kaure a tasha ne: kowa zai tsaya, amma wanda ya san ɗaya daga cikin masu damben shi ne ba zai tafi ba sai ya ga ƙarshe.

Kuma ana iya sa mutane su samu nasu ba tare da zagi ba. The Great British Bake Off gasar gashin biredi da kek ce, a cikin tanti, inda abokin takara kan bar nasa aikin ya taya wanda kek ɗinsa ke neman rushewa. Fargabar da ke ciki ba ta wuce lokaci ya ƙure kullu bai tashi ba. A 2015 Nadiya Hussain, Musulma mai 'ya'ya uku, ta ci gasar da ɗankwalinta a ka, mutane na hawaye a gaban talabijin. Zagayen ƙarshe na 2016 ya tara masu kallo kusan miliyan 16, babu shirin da ya kama ƙafarsa a Birtaniya a wannan shekara. Ba a zagi uwar kowa ba.

Ita kuma rigima tana da kuɗin da ake biya, kuma galibi ba tashar ce ke biya ba. Wanda aka nuna a matsayin mugun shirin yakan fito ya tarar da dubban baƙi suna tsine masa a intanet. Mutum biyu da suka taɓa shiga Love Island, wani shirin haɗa soyayya na Birtaniya, sun kashe kansu, ɗaya a 2018, ɗaya a 2019. A watan Mayun 2019 tashar ITV ta soke The Jeremy Kyle Show, shirin da aka gina kacokan a kan rigimar iyali, bayan mutuwar wani da ya halarci ɗaukar shirin. Daga 2021 Ofcom ta wajabta wa tashoshi kula da lafiyar masu shiga shirye-shiryensu. A 2023 kuma, masu shirya Love Island suka kafa sharaɗin cewa duk wanda zai shiga sai ya dakatar da shafukansa na sada zumunta, ko danginsa ba za su wallafa komai da sunansa ba har sai ya fito.