Darasi: mota ta yi jijjiga yau, gobe ta daina, laifin mai ne ko na injin?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, sannunku da sanyi, wanda yake Jos ya san me nake nufi. Toh yau maganar motar da take jijjiga ne amma ba kullum ba, irin wadda za ka tashe ta da safe tana rawa tana tari, ka taka totur ta shaƙe kamar za ta mutu, can kuma ta ware ta yi kwana biyu lafiya lau, ranar da ka kawo ta gareji kuwa ko gezau. Mai mota yana zuwa abin da zai fara ce maka shi ne oga mai ne, gurɓataccen mai aka ba ni. Wani lokacin gaskiyarsa ne. Amma sau da yawa fetur ɗin bai ji ba bai gani ba, an ɗora masa laifi ne kawai don kowa yana jin haushin gidan mai.

Kafin ka taɓa sifana tambaya ɗaya za ka yi, yaushe take yi? Ba me take yi ba, yaushe. In da sassafe ne kawai, minti biyu uku ta daidaita da ta ɗauki zafi, to ka fara zargin iska tana shiga ta inda bai kamata ba, musamman gasket ɗin manifol, wato robar da take toshe mahaɗar bututun da yake kai iska cikin injin. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta yi suna a kan wannan, robar takan tsufa ta ƙanƙance da sanyi, injin na yin zafi ta kumbura ta toshe wurin, kuma mu nan da sanyin Disamba da Janairu mun fi mutanen Abuja ganinsa. Ka duba ruwan lagireto ma, in yana raguwa ba ka ga inda yake ɗiga ba, ta yiwu yana tsatsafowa cikin silinda da dare. In kuma sai ta yi zafi take farawa, ka tsaya a go-sulo wajen Terminus ta kama rawa, wannan koyil ne, wato abin da yake ba fulogi wuta, ko famfon mai da ya gaji. In a hawa take yi, ka taso daga Akwanga lafiya sai ka kama Hawan Kibo ta fara fizga, to fulogi ko koyil ko ƙarfin mai, domin a nan ne injin yake neman wuta mai ƙarfi da mai mai yawa lokaci guda. In bayan ruwan sama ne ko bayan an wanke injin, cire koyil ka leƙa ramin fulogi, ruwa za ka gani kwance. Wadda ta fara jim kaɗan bayan ka fito daga gidan mai, ita ce muke zuwa kanta.

Kai yaro matso da wayar nan su ga allon. Wannan na'urar da ake cewa kwamfuta, mai karanto lambar matsalar mota, duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 zuwa yau tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Ku duba abin da ta rubuta a motar nan, P0302. Lambar ƙarshe ita ce silinda, wato ta 2 ce take fashin wuta. Yanzu dan Allah ku yi tunani, tanki ɗaya ne, famfo ɗaya ne, bututu ɗaya yake raba wa silinda 4 mai, ta yaya mugun mai zai tsallake ta 1 da ta 3 da ta 4 ya je ya zaɓi ta 2 ita kaɗai? Da wuya ya yiwu. In mai ne matsalar za ka ga P0300, wato fashin yana yawo ko'ina, ko ka ga lambobi sun fito tare, yau wannan silinda gobe waccan, wani sa'in da P0171 a gefe mai nuna iska ta fi mai yawa. Amma lamba ɗaya da take dawowa kullum, bar gidan mai ya huta. Abin da za ka yi bai cin ko sisi, ƙusa ɗaya ce lamba 10, ka cire koyil na 2 ka musanya shi da na 3, ka goge lambar, a je a yi yawo. In ta dawo P0303 ciwon ya bi koyil, shi za ka saya shi kaɗai. In ta tsaya a 2 sai ka musanya fulogi, bayansa nozul, wato abin da yake fesa mai cikin injin. Ba wai ka tura mutum Dilimi ya kwaso koyil 4 da fulogi 4 da famfo ba, ya kashe kuɗin abincin gidansa, bayan sati motar ta dawo da rawarta.

Toh yanzu man kansa. Abin da ya fi yawa ruwa ne, kuma shi ya sa ciwon yake zuwa ya tafi. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba sa haɗuwa, sai ya kwanta a ƙasan tanki ya yi shiru, kana tafiya a kan kwalta mai kyau ba ka jin komai, da ka faɗa rami ko ka sha kwana sai ya motsa famfo ya zuƙo shi, injin ya yi tari, ruwan ya wuce, ta ware. Da damina ya fi yawa, wajen Yuli da Agusta, don tankin ƙasa na wasu gidajen man yana shan ruwa. Ni dai in na ga tanka tana sauke mai ba na tsayawa, lokacin ne duk abin da ya kwanta a ƙasa yake tashi. Man 'yan bumburutu kuma jarkar kanta ba ka san me aka zuba a ciki jiya ba.

Gwajinsa ga shi, samo kwalba fara mai tsabta wadda ta bushe, ka cire bututun mai ta wajen injin ka tara kamar rabin kwalba, ka ajiye a inuwa minti 15. Ba taba sigari a wurin, ba mai walda kusa, ba wasa nake ba. In akwai ruwa za ka ga layi ya raba su, ruwa a ƙasa fetur a sama, ko ka ga man ya yi hazo bai yi garau ba. Sannan ka ɗiga kaɗan a farar takarda, fetur na gaskiya zai tashi ya bar takarda a bushe, in an haɗa shi da kananzir ko gas tabon maiƙo zai zauna.

Akwai kuma man da ba ruwa ba datti amma ƙarfinsa ya gaza, abin da ake cewa okten. Alamarsa ƙara ce in ka taka totur a hawa, kamar ana kaɗa ƙusoshi cikin gwangwani. Motocin yanzu suna da sensa mai jin wannan ƙarar, tana ji sai kwamfutar motar ta ja lokacin wuta baya, ƙarar ta ragu amma mota ta yi nauyi ta kama shan mai. Kuma abin da mutane ba su lura ba, Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, iskarmu ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka man da motarka ta haƙura da shi a nan, ka gangara Abuja cikin zafi da eyasi a kunne sai ta fara ƙorafi. Man ɗaya ne, wuri ne ya canza.

Kar wani ya ce ina kare masu mai, mun gani da idonmu a Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur daga Beljiyam mai metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC da kansa ya fito ya faɗa, aka janye man, layi ya cika Abuja da Legas sati da sati. Metanol yana jan ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafan cikin hanyar mai, wannan kam motoci da yawa sun ji jiki lokaci ɗaya. To kun ga alamar ke nan, in man gari ne ba motarka kaɗai za ta yi ba, tambayi masu tasi da masu keke da suka sha a wurin.

Wani abu kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, kowa lita 5 lita 7 yake sha, fitilar mai a kunne ake yawo. Ban ga laifin kowa ba, aljihu ne. Amma famfon nan a cikin tanki yake, man ne yake sanyaya shi, in kullum tanki a ƙasa yake yana zafi yana gajiya, a kwana ko gangara kuma ya zuƙi iska, mota ta fizga ka ce mai ne mara kyau alhali ƙarancinsa ne. Gwada ka cika rabin tanki ka yi kwana uku, in ta daina ka samu amsa. In ba ta daina ba a sa geji a auna, irin wannan Corolla tana son wajen 44 zuwa 50 a ma'aunin psi.

In kwalba ta nuna ruwa, kar ka ɓata kuɗi a kan maganin wanke nozul da ake sayarwa a roba, ba zai kwashe shi ba. A juye tankin gaba ɗaya, a ciro famfo a wanke ragarsa, a canza filta, a zuba sabon mai daga wani gidan. Sannan ku lura da fitilar cek injin, in ta kunnu ta tsaya za ka iya lallaɓawa zuwa gareji, in kuwa ƙiftawa take yi to ɗanyen mai ne yake wucewa cikin salansa yana ƙona indomi, wato abin da yake tace hayaƙi a hanyar salansa, ka gangara gefen titi ka kashe ta ka kira makanikinka, don kuɗin indomi ya ninka na koyil nesa ba kusa ba. Yaro miƙo min lamba 10 ɗin nan. Sai mun haɗu a darasi na gaba, za mu yi wankin nozul.