Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli a Taron Manoma kan Dabarun Gargajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Minista, iyayenmu sarakuna, malaman gona, 'yan uwana manoma da makiyaya, barkanmu da wannan rana. Ranka ya daɗe, a madadin ƙungiyarmu ina yi maka lale marhabin. Ka bar tarin aiki ka tako har nan, Allah Ya saka da alheri.

Yallaɓai, da ka shigo ka wuce ta gonaki masu gawo. Babu wanda ya koya wa kakanninmu barin gawo a gona. Su suka lura yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa su kwanta a gindinsa su bar taki. Daga baya masu bincike suka zo suka tabbatar da cewa saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Bayan farin 1984, manoman Maradi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gona, suna rage shi su bar masu ƙwari, abin da suke kira sassabin zamani. Ba gandun dashe, ba ban ruwa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka, da itatuwa kimanin miliyan 200. A Yatenga ta Burkina Faso, marigayi Yacouba Sawadogo ya inganta ramin shuka da ake kira “zai”, wanda mutanen Tahoua ke kira tassa: a haƙa rami a kan faƙo tun da rani, a zuba taki, gara ta huda ƙasa, ruwan farko ya sami wurin zama. An yi masa dariya da fari. A 2018 ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood.

Ba mu ƙi takin zamani ko irin bincike ba, kuma ba duk abin da muka gada ne mai kyau ba. Ƙone daji ma gado ne. Roƙonmu ɗaya: tun da Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, a 2007, an sha dasa itatuwan da ba su kai rani biyu ba, don ba a tambayi masu gona ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ba mu kujera tun ana tsarawa, a kuma sa ɗaliban aikin gona su zauna da dattawanmu su rubuta.

Bayan jawabinka, ranka ya daɗe, za mu kai ka gonakin gwaji ka gani da idonka. Allah Ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah.