Amsoshin Tambayoyinku: Ina kuɗin agajin girgizar ƙasa suke shiga?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware yau duk bakinsu ɗaya, suna tambaya ne kan gudummawar da ake tarawa idan girgizar ƙasa ta afka wa wata ƙasa. Sai a gyara zama.

Ta farko daga wani ɗan kasuwa ce a Maraɗi. Bayan gaisuwa yake cewa: "Lokacin girgizar ƙasar Turkiyya kullum sai mu ji an tara miliyan kaza, biliyan kaza. Su waye ke ba da kuɗin nan, kuma hannun wa suke shiga? Ko dai a bakin 'yan jarida suke ƙarewa?"

To Alhaji, ka ɗan soke mu, amma tambayarka tana kan hanya. Bari mu tuna wa jama'a abin da ya faru. Ranar Litinin 6 ga Fabrairun 2023, da ƙarfe 4:17 na asuba, ana tsakiyar hunturu kowa na cikin bargo, ƙasa ta motsa da ƙarfin maki 7.8 a lardin Kahramanmaras da ke kudancin Turkiyya. Bayan kamar awa tara wata mai maki 7.5 ta biyo baya, ta ƙarasa gine-ginen da ta farko ta tsattsaga. Larduna 11 abin ya shafa. Mutum fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ga wasu dubbai a arewacin Siriya. 'Yan uwanmu na Ghana ba za su manta ba, don a ɓaraguzan wani dogon bene a Antakya aka zaƙulo gawar Christian Atsu ranar 18 ga wata, shi da ya ci wa ƙungiyarsa Hatayspor ƙwallo ana jajibirin girgizar.

Kuɗin da ka ji ana lissafawa ba tukunya ɗaya suka fito ba, kuma gudunsu ba ɗaya ba. Wanda ya fi sauri shi ne wanda aka ajiye tun ba a san inda masifa za ta faɗa ba. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da asusun gaggawa mai suna CERF, wanda ƙasashe ke zuba wa kuɗi duk shekara. Daga nan aka fitar da dala miliyan 25 tun ana tonon masu sauran numfashi, daga baya aka ƙara ta kai miliyan 50. Ba shi da yawa, amma irinsa ne ke sayen burodi da man janareta a makon farko.

Sai kuma Majalisar ta fito ta nemi dala miliyan 397 don Siriya, da dala biliyan 1 don Turkiyya. A nan ne kunne ke yaudarar mutum. Wannan adadi girman ƙoƙon bara ne da aka miƙa, abin da aka zuba a ciki kuwa lissafinsa daban. Haka taron da Tarayyar Turai ta kira a Brussels ranar 20 ga Maris: an tashi da Yuro biliyan 7, kusan miliyan 950 na Siriya, sauran na Turkiyya. Alƙawari ne aka ɗauka, kuma a cikinsa har da rance daga bankunan raya ƙasa, wanda wata rana za a biya. Kai ɗan kasuwa ne Alhaji, ka fi ni sanin tazarar da ke tsakanin "zan aiko" da "ga shi".

Na jama'ar gari shi ya fi ban sha'awa. A Birtaniya ƙungiyoyin agaji 15, ciki har da Islamic Relief da Oxfam da Save the Children, suna da inuwa ɗaya mai suna DEC. Idan babbar masifa ta faru sai su buɗe asusu guda maimakon kowa ya fito da ƙoƙonsa, kuma a wannan karon sun tara sama da fam miliyan 150. A Turkiyya kanta, daren 15 ga Fabrairu gidajen talabijin suka haɗu a shiri ɗaya, kafin a tashi an sanar da lira biliyan 115, wato sama da dala biliyan 6 a canjin lokacin, da za su tafi hukumar agajin gaggawa ta AFAD da ƙungiyar Kizilay, wato Red Crescent ta Turkiyya. Sai dai babban bankin ƙasar shi kaɗai ya ce ya ba da lira biliyan 30, bankunan gwamnati suka bi sahu da nasu biliyoyin. Shi ya sa masu suka suka ce an cire daga aljihun dama ne an sa a na hagu.

Gidauniyoyi da gwamnatoci ma sun taka rawa. Gidauniyar IKEA, kamfanin nan na kujeru da gadaje, ta ba ƙungiyar likitoci ta MSF Yuro miliyan 10. Katar ta yi alƙawarin gidajen tafi-da-gidanka 10,000, irin waɗanda aka sauki baƙi a ciki lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022. Gwamnatin Najeriya ta aika da dala miliyan 1.

Yanzu ɗora wannan duka a sikeli. Gwamnatin Turkiyya ta ƙiyasta asarar da ta tafka a kan dala biliyan 103.6. Duk abin da na lissafo maka, ko da an cika kowane alƙawari har ƙwandala, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Gudummawa tana tsayar da jini ne. Sake gina birni kamar Antakya kuwa sai baitulmali da bashi da shekaru.

Wasiƙa ta biyu daga Zangon Kumasi take. Mai sauraronmu yana tambaya: "Me ya sa muka ga jirage na ta sauka a Turkiyya da karnuka da injina, amma a Siriya mutane na tono da hannu?"

Malam, abin da ka gani haka yake. Inda girgizar ta fi ɓarna a Siriya, wato Idlib da arewacin Aleppo, a lokacin ba ya hannun gwamnatin Bashar al-Assad. Ƙofa ɗaya tak Kwamitin Sulhu ya amince Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa shigar da kaya ta cikinta daga Turkiyya, mashigar Bab al-Hawa, hanyoyin zuwa can kuma girgizar ta lalata su. Ayarin farko bai shiga ba sai ranar 9 ga wata, manyan motoci shida, kuma kayan da ke ciki tun kafin girgizar aka shirya su, babu injin ɗaga kankare ko ɗaya. Masu aikin ceto kan ce awa 72 na farko su ne na fitar da mai rai. A garuruwa irin su Jindires waɗannan awowi sun ƙare ne a hannun maƙwabta da 'yan sa kai masu fararen hulunan kwano, White Helmets. Babban jami'in agaji na Majalisar a lokacin, Martin Griffiths, da ya je bakin iyakar ranar 12 ga wata, da kansa ya amsa cewa sun gaza wa mutanen yankin. Washegari aka samu amincewar Assad a buɗe ƙarin ƙofofi biyu, Bab al-Salam da al-Ra'i, na wata uku.

Ga kuma takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Siriya a lokacin. A takarda bai hana agaji ba, amma banki da ya ga sunan Siriya a kan takardar aika kuɗi sai ya ja baya, gudun kada a ci shi tara. Sai da Amurka ta fitar da sassauci na kwana 180 ranar 9 ga Fabrairu. Ka ga mai bayarwa ya danna waya cikin minti ɗaya kuɗinsa sun fita, amma su je su yi kwanaki a bakin wata ƙofa da bai taɓa jin sunanta ba.

Ta uku daga wata malamar makaranta ce a Zariya. Ta ce: "Mu matan unguwarmu mun so mu tara barguna da rigunan sanyi mu aika. Wani ya ce kuɗi ya fi. Ni kuma ina tsoron kuɗi, don ana cinyewa. Wanne ne daidai?"

Malama, Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Ni dai ina bayan wanda ya ce kuɗi. Bayan girgizar ƙasar Armeniya ta Disambar 1988 duniya ta aika tan 5,000 na magunguna da kayan asibiti. Sai da mutum 50 suka shafe wata shida suna tantancewa kafin a san me aka kawo. Wasu sun lalace, wasu sanyi ya ɓata su, da yawa an rubuta sunansu da harsunan da likitocin wurin ba sa karantawa. Ki ɗauki bargonki ɗaya ki lissafa: kuɗin mota zuwa Legas, kuɗin jirgi, kwastan, sito, da wanda zai zauna ya ware na yara da na manya. Turkiyya kuwa ƙasar masaƙu ce, da wannan kuɗin sai a sayi barguna da yawa a can, mai shagon da ya tsira shi ma ya samu ciniki.

Tsoronki kuma ba na banza ba ne. Bayan girgizar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara kusan dala rabin biliyan. Ta hanyar saƙon waya kaɗai, dala goma-goma, an samu sama da miliyan 30. A 2015 binciken kafofin ProPublica da NPR ya gano cewa gidaje na dindindin shida kacal ta gina. Ƙungiyar ta kare kanta da cewa ta kashe kuɗin a matsugunan wucin gadi da ruwa da lafiya, kuma rikicin takardun filaye ya hana gini. Ko ba sata, kuɗi kan narke idan suka bi hannu uku ko huɗu, kowane hannu yana cire na gudanarwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a kuɗin agajin gaggawa da aka zuba, abin da ya bi ta hannun gwamnatin Haiti bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A taron agajin jinƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 manyan masu bayarwa sun yi alƙawarin kashi 25 cikin ɗari zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Shekarar ta zo ta wuce ba a cika ba.

Na cikin gidan ma ba waliyyai ba ne. A Turkiyya an gano cewa a kwanakin farko, mutane na kwana cikin motoci saboda sanyi, wani reshen kasuwanci na Kizilay sayar wa ƙungiyar agaji ta Ahbap ya yi da tantuna 2,050 a kan lira miliyan 46. Surutu ya yi yawa, shugaban Kizilay Kerem Kinik ya ajiye aiki a watan Mayun 2023.

Saboda haka Malama, kafin ku miƙa, ku tambaya: ƙungiyar nan tana da mutanenta a wurin tun kafin girgizar, ko yanzu za ta nemi hanya? Tana wallafa rahoton kuɗinta? Asusun da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum? Lambar asusun da ke yawo a WhatsApp da hoton yaro cikin ƙura, ku bar ta inda kuka gan ta. Akwai kuma alamar da ni nake girmamawa: a farkon 2005, bayan ambaliyar tsunami ta tekun Indiya, MSF ta fito ta ce kuɗin da ta samu don wannan aiki sun ishe ta, masu bayarwa su bari ta kai inda ake buƙata. Ba kowace ƙungiya ke iya cewa "ya isa" ba.

Daga Garwa a Kamaru wani ke tambaya ko gaskiya ne Maroko ta ƙi karɓar agaji a 2023. Ba ta ƙi duka ba, Malam. Bayan girgizar 8 ga Satumba mai maki 6.8 a lardin Al Haouz, wadda ta kashe mutum kusan 3,000, tawagogin ceto na ƙasashe huɗu ta fara karɓa: Sifaniya, Birtaniya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Hujjarta ita ce ƙauyukan kan tsaunukan Atlas suke, hanyoyin ƙanana ne duwatsu sun toshe su, yawan baƙi cunkoso zai jawo. Wasu sun ce akwai siyasa, musamman da ba a amsa tayin Faransa ba. Kuɗi kuwa ta buɗe asusu na musamman mai lamba 126 kowa ya zuba, ta kuma sanar da dirhami 140,000 ga wanda gidansa ya rushe gaba ɗaya, 80,000 ga wanda nasa ya rushe wani sashe.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata Hajiya a Gusau: ko za ta iya aika zakkarta can? Hajiya, mutum takwas ɗin da ake ba zakka suna aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma wanda ya wayi gari ba gida ba dukiya ya shiga cikin mabuƙata. A mazhabar Malikiyya asali shi ne a raba ta a garin da dukiyar take, amma an yarda a kai ta nesa idan na can sun fi tsananin buƙata. Ki zauna da malaminki ku auna, don a Gusau ma akwai 'yan gudun hijira. In kin yanke shawarar aikawa, ki tabbatar ƙungiyar tana da asusun zakka daban, kada ta gauraya da kuɗin albashin ma'aikata da hayar ofis.

Agogo ya nuna mana lokaci ya yi halinsa. Mai sauraronmu na Agadas da ya tambayi dalilin da ya sa wasu benaye ke zubewa wasu na tsaye a titi ɗaya, ka yi haƙuri, wasiƙarka ce za mu fara buɗewa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.