Kwikwiyon Babban Kare: Yadda Kwanon Abinci Ke Gina Ƙashi Ko Ya Lalata Shi

AMINU: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna kan manyan karnukan gadi da suka yawaita a gidajen Kano, Kaduna, Jos da Abuja: Boerboel, Rottweiler, German Shepherd, Caucasian. Likita, sau da yawa za ka ga kwikwiyo ɗan wata biyar, ƙato, amma ƙafafun gaba sun yi baka, yana ɗingishi. Me ke kawo haka?

DAKTA HADIZA: Wa'alaikumus salam, Malam Aminu. Galibi saurin girma ne. Ƙaramin kare yakan gama girma kafin shekara, amma waɗannan sai sun kai wata 18, wasu har wata 24. A duk tsawon lokacin, bakin dogayen ƙasusuwansu guringuntsi ne mai taushi, daga nan ƙashi ke ƙara tsawo. Idan aka cika wa kwikwiyo ciki, nauyi sai ya riga ƙashi ƙwari. Gaɓar kwatangwalo ta yi sako-sako, ta gwiwar ƙafar gaba ta goge, guringuntsin kafaɗa ya tsage.

MALAM BALA: Kuma ƙibar nan ce mai saye ke so. Ya ga kwikwiyo ɓul-ɓul ya ce wannan shi ne mai lafiya. Alhali girman da kare zai kai yana cikin jininsa. Ɗura ba ta ƙara masa tsawo, saurin isa kawai take sa shi, kuma gaɓoɓinsa ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

DAKTA HADIZA: An gwada wannan a Amurka da karnukan Labrador 48. Aka raba 'yan ciki ɗaya biyu-biyu tun suna sati takwas, ɗaya ana rage masa kashi 25 cikin ɗari na abin da ɗan'uwansa ke ci. Da suka shekara biyu, 16 cikin 24 na masu ci su ƙoshi sun sami matsalar kwatangwalo, waɗanda aka rage wa kuwa 7 ne kawai. Sun kuma fi tsawon rai da kusan shekara biyu.

AMINU: To ai mutane da sun ga ƙafa ta fara lanƙwashewa, sai su ce ƙarancin kalsiyam ne, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, su sayo ƙwaya.

DAKTA HADIZA: Nan ne nake so a saurara da kyau, don wannan kuskuren ya fi ci mini rai. Karen da ya gama girma idan kalsiyam ya yi masa yawa, hanjinsa zai rage tsotsa. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba bai da wannan birkin, duk abin da aka ba shi shiga jini yake yi. A Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan an ciyar da kwikwiyoyin Great Dane, wani nau'in ƙaton kare, da abinci mai kalsiyam kashi 3.3 cikin ɗari, wasu kuma kashi 1.1. Masu yawan ne guringuntsinsu ya kasa zama ƙashi kan lokaci, ƙafafu suka karkace. Saboda haka in buhun abincinka na kwikwiyon babban kare ne, kada ka ƙara ƙwaya, kada ka barbaɗa garin ƙashi ko ɓawon ƙwai. Ƙaramin cokali ɗaya na garin ɓawon ƙwai kusan giram biyu na kalsiyam ne.

AMINU: Me mutum zai duba a jikin buhun?

DAKTA HADIZA: Kalsiyam tsakanin kashi 1.2 zuwa 1.8 cikin ɗari, ya ɗan ɗara sinadarin fosforas kaɗan, kamar 1.2 a kan 1. Furotin kuwa a daina ɗora masa laifi, a Utrecht ɗin ma an gwada shi, bai ɓata ƙashi ba.

MALAM BALA: Amma Likita, a faɗi ɗaya ɓangaren, don shi ya fi yawa a wajenmu. Buhu ya yi tsada, sai a koma sauran tuwo da shinkafa da taliya, a jefa tsoka ko hanta.

DAKTA HADIZA: Gaskiyarka, Malam Bala. Nama zalla fosforas ne jingim, kalsiyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Jiki sai ya riƙa kwasowa daga ƙashi, ƙashin ya zama kamar kara. Kwikwiyo ya diro daga kujera kawai, cinya ta karye. Mai dafawa a gida shi ne ke buƙatar ƙarin kalsiyam, amma da awo, likitan dabbobi ya lissafa masa bisa nauyin karen.

AMINU: Malam Bala, ba mu tsarin ciyarwa.

MALAM BALA: Sau huɗu a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu. A auna da sikeli, a ajiye kwano minti 15, a ɗauke ko ya cinye ko bai cinye ba. Ruwa ne kaɗai ke wuni a gabansa. Duk sati ka shafa haƙarƙarinsa: ya kamata ka ji su kamar yadda kake jin ƙasusuwan bayan hannunka, ba sai ka danna ba. Ka tsaya a kansa ka ga ƙugu ya ɗan shiga ciki. In ba ka ji haƙarƙarin ba, rage kashi goma cikin ɗari na abincin, ka sake dubawa bayan sati biyu. Canjin abinci kuma a hankali, ana gauraya tsoho da sabo kwana bakwai, in ba haka ba zawo.

DAKTA HADIZA: A kula da daɓe ma. Tayil mai santsi yana sa ƙafafun baya su riƙa warewa, a shimfiɗa masa tabarma ko a bar shi kan ƙasa. Kuma kwikwiyon da ke haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo, ko tashi daga kwance na yi masa wuya, a kai shi a ɗauki hoton ƙashi, kada a jira ya shekara.

AMINU: Likita, Malam Bala, mun gode. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.