Sharhi: Ƙasar da ke tafiya ba a gani

Jama'a masu saurare barkanmu da warhaka, daga nan Tahoua. Yau can ƙasashen ƙanƙara za mu leƙa, su Siberiya da Alaska da arewacin Kanada, inda ƙasa ke sulalowa daga jikin tudu sannu sannu, ba ambaliya ba girgiza, santimita kaɗan a shekara, ko wata guda ka yi zaune gabanta ba ka ganin motsinta.

Kun dai san fako, wurin da ruwa ke zuba bai shiga. To su fakonsu ƙanƙara ce, ƙarƙashin ƙasa a daskare take shekara da shekaru, in lokacin zafinsu ya zo sama sama kawai ke narkewa, ruwan ya rasa hanyar nutsewa sai ya tsaya nan ya jiƙa ƙasa sharkaf ta koma taɓo kamar kwaɓin gini da aka cika ma ruwa, shi kenan sai ta fara zamewa kan wannan ƙanƙara ko da gangaren bai wuce digiri 2 ko 3 ba. Ga kuma kumburi. Duk mai saida ƙanƙara ya san ruwan leda in ya daskare a firigo girma yake ƙarawa, kusan kashi 9 cikin 100. Haka sanyi ke ɗaga ƙasar, in ta narke ta sauka ɗan gaba da inda take. Shekaru na tafiya sai ka ga jikin tudu ya yi lanƙwasa lanƙwasa kamar harsuna, duwatsu sun bi. Wani masani ɗan Suwidin, Andersson, shi ya sa ma abin suna solifiluksiyon a 1906.

Mu nan Adar ƙorama ce ke cinye gona dare ɗaya, shi ya sa a 1984 aikin raya karkara na Keita ya duƙufa jera duwatsu da dasa itatuwa, wallahi matan da suka ɗauki duwatsun nan a ka sun cancanci yabo. Mu dai muna ganin ɓarnar da safe. Su mutanen ƙasashen ƙanƙara ba su gani sai turken lantarki ya karkace ko hanya ta tsage.

Abin da ke damuna, ɗumamar yanayin nan da ke rikita muna damina ita ce ke ƙara zurfin narkewar can. A birnin Yakutsk na Siberiya kan ginshiƙan kankare suke ɗora gidaje don kar ɗumin ɗaki ya narkar da ƙasa, yanzu kuwa zafin daga waje yake zo musu.