Yadda ake sa baƙi ya yi ƙirin, fari ya yi fat a hoton fim

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Kafin na ce komai ku fara kallon hotuna biyun nan da ke kan allo. Bango ɗaya ne, kyamara ɗaya, fim iri ɗaya na baƙi da fari, kuma ni na ɗauke su duka. Na hagun nan kamar an jiƙa shi a ruwan toka, ba baƙi ba fari, komai ya kwanta lakwas. Na daman kuwa kun ga inuwar zauren ta yi baƙi ƙirin, farar rigar dattijon nan ta yi fat har tana ɗaukar ido. To wannan tazarar da ke tsakanin baƙi da fari ita masu hoto ke kira kontiras, kuma yau ita za mu bi tun daga kan titi har cikin ɗakin duhu.

Abin da ya raba hotunan nan biyu ba wani magani ba ne, lokaci ne kawai. Na hagu ranar hazo na ɗauke shi, tsakiyar hunturu, ƙura ta rufe sama rana ta koma kamar faifai, haske na zuwa ta ko'ina, inuwa ta ɓace. Na dama kuwa bayan la'asar ne ranar da sama ta yi garau, rana ta karkata tana dukan bangon daga gefe, duk wani zane da tsagar da ke jikin ƙasar ya samu 'yar inuwarsa. Shi ya sa kullum nake cewa kontiras a waje ake fara samo shi. In hasken ranar ya mutu, duk dabarar da za ka yi daga baya gyaran fuska ce kawai. Nemi rana tsirara, nemi haske daga gefe ko daga bayan mutum, nemi lungu inda rabi rana rabi inuwa, ko ƙwan lantarki ɗaya tal a teburin mai shayi da daddare. Sannan ka duba gilashin kyamararka, in ya yi datti ko fumfuna ta kama shi, ko rana na faɗowa kai tsaye a kansa, hoton zai fito da wani hayaƙi-hayaƙi. Saka masa hularsa, in babu ko tafin hannunka ka kare.

Sai filta, wato ɗan gilashi mai launi da ake ɗaurawa a gaba. Nan ne abin ya fi min daɗi wallahi. Ƙa'idar ɗaya ce: filta tana haska abin da ke da launinta, tana duhunta kishiyarsa. Rawaya tana ɗan duhunta shuɗin sama kaɗan, gajimare ya fito, tana cin haske kamar mataki 1, wato rabin hasken, don kowane mataki ninki ne ko rabi. Mai ruwan lemo ta fi ta ƙarfi. Ja kuwa, mai lamba 25, ba ta da wasa, sama takan koma kusan baƙa, amma tana cinye mataki 3 cif. Ma'ana in da rana tsaka kana kan f/16, wato faɗin ƙofar haske, da 1/500 na daƙiƙa, da fim mai ISO 400, wato ma'aunin saurin jin haskensa, da ka ɗaura jar nan sai ka buɗe zuwa f/5.6, ko ka bar f/16 ɗinka ka sauko 1/60. Ni na fi son na yi lissafin da kaina, don mitar auna haske ta wasu tsofaffin kyamarori takan ruɗe da jan haske ta ba ka ƙarya.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1927 Ansel Adams, mai hoton nan na Amurka, ya hau dutse a Yosemite zai ɗauki wani babban dutse mai suna Half Dome, ya fara da rawayar filta, sai ya ga ba abin da ke ransa zai fito ba kenan, ya canza ya sa ja mai duhu a farantin gilashi na ƙarshe da ya rage masa, wanda shi ne a madadin fim a kyamararsa, sama ta fito baƙa dutsen ya tsaya yana walƙiya. Yanzu ka kawo lissafin gida. Je ka marinar Ƙofar Mata da jar filta, shuɗin baban nan zai koma baƙi wuluk, jar ƙasar katanga kuma ta yi haske, abu biyu da a ido suke kusan duhu ɗaya sai ka ga sun rabu. Amma ranar hazo kar ka sa rai da yawa, babu shuɗi a saman balle filta ta duhunta shi.

Fim ɗin kansa ma kowanne da halinsa. Ilford Pan F Plus mai ISO 50 dama can mai zafi ne, wato kontiras ɗinsa da ƙarfi. HP5 Plus mai 400 yana da sanyin hali, Kodak Tri-X, wanda tun 1954 ake sayar da shi a 35mm, ya ɗan fi shi tsauri a idona. Fim da ya tsufa ko ya sha zafi a cikin mota kuwa baƙinsa ba ya taɓa yin tsab, ajiye naka a firij.

To mu zo kan abin da kowa ke tambayata, turin fim, wanda Turawa ke ce wa fush. Fim ɗinka 400 ne, sai ka yaudari kyamara ka ce mata 1600 ne, kaga ka rage masa haske mataki 2 kenan, sannan wajen wanki ka bar shi ya daɗe a cikin magani. Me ke faruwa a ciki? Fim yana da ƙananan ƙwayoyin azurfa masu jin haske. Inda haske ya buga sosai, maganin wanki yana ta mayar da su baƙi, don a jikin fim wurin haske ne ke fitowa baƙi, muddin fim na ciki aiki na ci gaba. Inda inuwa take kuwa ƙwayoyin da haske ya taɓa 'yan kaɗan ne, cikin mintunan farko an gama da su, ko ka kwana kana wanki ba abin da zai ƙaru sosai. Saboda haka ƙarin lokaci yana ɗaga wurin haske ne ya bar inuwa a ƙasa, tazara ta buɗe. Ku riƙe wannan da kyau: turi ba ya ƙirƙiro abin da fim bai gani ba, inuwar da ka hana haske ta tafi kenan.

Ga misali da lamba. HP5 Plus a cikin maganin wanki na ID-11 da ba a sirka ba, a zafin digiri 20, minti 7 da rabi ne in ka ɗauka a 400, minti 10 da rabi a 800, minti 14 a 1600. Kuma ba dole sai ka rage haske ba, za ka iya ɗauka a 400 ɗinsa ka ƙara minti 1 ko 2 a wanki, inuwa ta tsira hasken ya ƙara ƙarfi, ni gaskiya wannan na fi yi. Kaurin magani ma yana da tasiri, Rodinal, tsohon maganin nan da aka fito da shi a Jamus tun 1891, in ka haɗa kashi 1 da ruwa 25 ya fi zafi a kan 1 da 50, sai dai ka shirya ganin tsaki-tsaki kamar an watsa yashi a hoton, wasu ma don shi suke so. Yawan jujjuya tankin da ake wanke fim a ciki shi ma yana ƙarawa, don sabon magani ne ke ta isa wurin haske.

Digiri 20 ɗin nan fa a nan ake yin ta. Lokacin bazara ruwan tankin saman rufi yakan wuce 30, kuma magani mai ɗumi gudu yake yi. Ni ya taɓa ci na, na dawo daga ɗaurin aure da fim guda cike, ina ɗoki, ban auna ruwan ba na zuba na ba shi minti 14 cif kamar yadda takarda ta ce. Da na zaro shi na ɗaga a fitila sai na ga manyan rigunan nan duk sun zama baƙaƙen dunƙule kamar gawayi, haske ba ya ko ratsa su, aikin zaren da ke wuyan rigar ango ko alamarsa babu. Tun daga ranar sai na sayi ƙanƙara na zuba a roba, na jera kwalaben magani a ciki, ma'aunin zafi na hannuna.

Wannan ya kai mu inda nake ɗan saɓawa da masu son baƙi ƙirin ko ta halin ƙaƙa. A Japan masu mujallar Provoke da aka fara a 1968, irin su Daido Moriyama, da gangan suke ƙona hoto, tsaki ko'ina, fuska ta narke cikin duhu, salonsu ne kuma ya yi musu kyau. Amma ka tsayar da baƙin mutum da farar shadda a rana tsaka, dama can tazarar ta kai maƙura, in ka ƙara turi mataki 2 a kai me zai rage? Riga ba zane, fuska ba ido, sai haƙora. Wanda ka ɗauka ba zai gode maka ba. In mutum ne a gabanka matso kusa ka auna hasken a kan fuskarsa, ka tabbatar ta samu rabonta, in ya so baya ya yi duhu yadda ya ga dama. Dubi hotunan Malick Sidibé na Bamako, baƙi ya zauna fari ya zauna, amma fatar mutanen tana sheƙi, kana ganin kowa da kamanninsa.

Shi ya sa nake barin sauran aikin sai wajen bugawa a takarda. Takardar bugawa ta Multigrade tana da nata matakan kontiras daga 00 har 5, filta mai rawaya-rawaya tana tausasa hoto, mai ruwan hoda-hoda tana tsaurara shi, 2 ne tsakiya. Nagatif, wato fim ɗin da aka wanke, mai matsakaicin ƙarfi za ka iya buga shi a 4 yau ya fito da zafi, gobe ka canza ra'ayi ka dawo 2, bai ɓaci ba. Kana iya kare fuska da ɗan kwali a jikin waya na wasu daƙiƙu don kar ta yi duhu, ka ƙara wa sama haske da hannunka don ta ƙone. Masu yi wa fim sikanin su gyara a kwamfuta ma haka ne, ja baƙi ƙasa abu ne mai sauƙi in akwai abu a cikin nagatif ɗin.

Ga na mai shayin da na ambata ɗazu, yanzu yake fitowa a cikin tire, ku kalli yadda baƙin ke fara tasowa daga gefe. Tri-X ne a 800, na buga a mataki 3 da rabi, na kare fuskarsa daƙiƙa 4. Ga tururin butar ya fito fari a kan duhu, ga gwangwanayen madara, kuma ana gane shi, har 'yar tsagar da ke kumatunsa. Bari na tsamo shi kafin ya wuce, sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu.